Buhu Huɗu a Gidan Mutum Biyar

Da mai amalanke ya sauke alkamar bana a ƙofar gidan Mansukh, Mukta ta fito ta ƙirga buhunan da ido, ta sake ƙirgawa da yatsa. Huɗu ne. Ta leƙa titi ko wani amalanken yana tafe a baya, ba ta ga kowa ba sai wata saniya da ke tauna kwali.

A Gondal gidan da ya san kansa ba ya zaryar kanti kamar 'yan haya. Da bazara ake cika ɗakin ajiya da abin da za a ci har wata bazarar, kuma ko yaro ya san lissafin: kowane baki, buhun alkama ɗaya. Su biyar ne a gidan. Akwai Mansukh, yayan Mukta, da matarsa Rasila, da ɗansu Hiren, da Toral matar Hiren, sai ita Mukta ɗin. Tana da shekara ashirin da huɗu mijinta ya mutu bai bar mata ɗa ba, danginsa suka ɗaura mata farin zanen takaba suka maido ta gidan yayanta. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan tana kwana a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakin ajiya, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen ci.

Ta sami Rasila a kan lilon tsakar gida tana fifita.

"Bhabhi," in ji ta, don haka take kiran matar yayan nata, "an yi mantuwa a kasuwa. Buhu huɗu suka kawo."

"Huɗu na ce a kawo."

"Ai mu biyar ne."

"Yau dai mu biyar ne, Muktaben. Shekara tana da tsawo." Rasila ta tura lilon da ƙafa, ta ɗaga murya yadda Toral da ke shara a gefe ba za ta rasa ko kalma ba. "Gidan nan baki biyu ne ke ci ba sa kawo komai. Ɗaya ta tsufa ba ta haihu ba, ɗaya kuma ta kama hanyar. In na riƙe ɗaya, a ce ina da tausayi. In na riƙe biyu kuwa ai sai a ce ba ni da hankali. Kafin damina ta ƙare zan ga wadda ta cancanci gurasarta."

Tsintsiyar Toral ta tsaya, sannan ta ci gaba. Mukta kuwa ta san inda ake kai irinta. Can bakin kogi, tafiyar yini a mota, akwai gidan da ake tara matan da mazansu suka mutu, a aske musu kai, su wuni suna waƙar ibada a ba su ludayin shinkafa. Ta taɓa raka wata maƙwabciyarsu can. Da ta koma duba ta bayan shekara, matar ba ta gane ta ba.

Ta jira Mansukh ya dawo daga shagonsa, ta kai masa shayi, ta tsuguna ta faɗa masa abin da aka yi. Mutumin nan, in dai maganar gida ce, jarida ce mafakarsa. Ya ɗaga ta har ta rufe masa goshi.

"Harkar sito ta mata ce, Mukta. Ku daidaita."

Washegari aiki ya kankama, don rana ba ta jiran mai fushi. Aka hau da alkama saman soro aka baza. Mukta ta tsince tsakuwa, ta sheƙe ƙaiƙayi a faifai, sannan ta zauna ta miƙe ƙafa tana ɗiban man zurma a tafin hannu tana murza wa ƙwayar, mudu bayan mudu, har sai kowace ta yi sheƙi, don ƙwaro ba ya cin alkamar da ta sha man zurma. In ya yi kaɗan ƙwaro ya shiga, in ya yi yawa gurasa ta yi ɗaci, kuma duk layin an san babu hannun da ya san tsakiyar kamar nata. Bayan alkama sai shinkafa, a jera mata busasshen ganyen darbejiya a cikin garwa. Sai barzajjen wake kala uku, sai gangamau da aka dafa aka shanya har ya yi tauri kamar dutse. Sai hulba, da riɗi, da masoro, da kanumfari, da kirfa, kowanne a soya sama-sama a bar shi ya huce kafin ya ga kwalba. Tsamiya a cire mata ƙwallo a cura da gishiri. Mazarƙwaila a naɗe ta a tsumma saboda tururuwa. Man gyaɗa garwa shida.

Da can aikin nan shi ne sallar Mukta. Bana kuwa duk garwar da ta rufe, sai ta tambayi kanta ko za ta ga ranar da za a kai gindinta.

Abin haushin, Toral ba ta da abin ƙi. Yarinya ce siririya mai yawan dariya, 'yar wani malamin makaranta daga ƙauye, shekara uku da aure. Ita kaɗai ce a gidan ke ɓoye wa Mukta gurasa mai zafi a ƙarƙashin murfi. Ita kaɗai ce ta taɓa tambayarta sunan mijinta marigayi. Ran nan suna saman soro rana na dukansu, ta kama hannun Mukta ta juya tafin, duk ya yi ja ya tsage.

"Foi, ki bari in karɓe ki."

Foi suke ce wa ƙanwar uba, kuma a bakin Toral kalmar tana da daɗi.

"Ke da wane hannun? Wannan na riƙe alli? Sai ki sa mu ci gurasa mai warin maganin wankin ciki shekara guda."

Toral ta yi dariya, sannan ta rage murya ta kawo zancen Rasila, wadda ita da Hiren suke kira Ba, wato uwa. "Kin san Ba faɗa kawai take yi. Babu inda za ki. In ta kai ga haka, ni sai in rage ci, mu raba nawa. Dama ni gurasa biyu ta ishe ni."

"Rufe min baki, uwar 'yan alheri. Miƙo min faifan can."

Mukta ta san Rasila shekara talatin da ɗaya. Matar nan ba ta faɗa kawai. Kuma ta san in aka ɗora ta a sikeli da yarinya mai ƙarfi, wadda ko gobe ciki zai iya shigarta, to ita ce za ta yi sama.

Barkono shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mutuncin gida. Gondal garin barkono ne, matar da ta ɓata nata sai ta shekara ana nuna ta da baki. Aka kawo shi ja wur, dogaye, aka cire hancin, aka shanya kwana uku har yana ƙara in an taɓa, aka kai inji Mukta na tsaye a kan mai niƙan don kada ya haɗa da na wasu. Da aka dawo da garin, Rasila ta sauko daga lilo da kanta.

"Bana Toral ce za ta cika tulun. Mu ga hannunta. In ciki ya ƙi riƙewa, wataƙila hannu ya riƙe."

Ta kuma dubi Toral sama da ƙasa. "Ba kya cikin kwanakinki dai ko?"

"A'a, Ba."

"Kin tabbata? Don barkono ba ya rufa wa maƙaryaciya asiri."

A gidan, kamar sauran gidajen layin, mace mai al'ada ba ta taɓa tulun ajiya. Sun yarda ko inuwarta ce ta faɗa kansa, abin da ke ciki zai lalace.

Mukta ce ta koya wa Toral. Babban tulun tangaran ne, fari mai bakin ƙasa-ƙasa, tun na kakar Hiren. Aka goge shi aka kifa a rana. Ta nuna mata yadda ake murza garin da ɗan mai da gishiri, a zuba kaɗan a danna da dunƙulen hannu, a binne gutsuren ƙaron hing mai wari a tsakiya, a sake zubawa a sake dannawa har iska ta rasa wurin zama. Toral ta yi ta yi, idonta na zubar da ruwa, tana atishawa tana dariya.

"Abu ɗaya ne makashinsa," in ji Mukta. "Ruwa. Ko zufarki ce ta ɗiga a ciki, kin kashe shekara."

Tana faɗin haka ta ji abin ya tsaya mata a rai, ya ƙi wucewa.

Kwana huɗu tana kokawa da shi. Ba za a ce ba ta san abin da take yi ba, ta sani sarai, kuma ta ji kunyar kanta tun kafin ta yi. A rana ta biyar, bayan abincin rana, lokacin da zafi ya kwantar da kowa, maza suna shago, Toral ta shiga ɗaki, Mukta ta ɗauki ƙaramin kofin tagulla ta cika da ruwa ta shiga sito. Ta kwance tsumman bakin tulun. Ta soka muciya har ƙasa, ta yi rami, ta tsiyaya ruwan a hankali. Ta mayar da garin ta danna, ta ɗaure tsumman da irin ƙullin da Toral ke yi, na hagu a kan dama, ta fito ta ja ƙofar.

Da yamma Toral ta zo da mai ta zauna tana matsa mata gwiwa kamar yadda ta saba. Mukta ta janye ƙafar ta ce yau ba ta ciwo.

Sai jira. Akwai sauran barkonon bara a ƙaramar kwalba, da shi aka yi ta girki wata biyu. Ranar da ruwan farko ya sauka, yara suka fito titi suna tsalle, Mansukh ya rufe shago da wuri ya ce a soya masa ƙosan albasa, kuma da sabon barkono yake so. Rasila ta sa aka ɗauko tulun aka ajiye a tsakiyar ɗakin girki, kowa na tsaye.

"Buɗe abinki, amarya."

Warin ne ya fara fitowa, irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Saman garin lafiya lau. Rasila ta soka ludayi ta juyo, sai ga shi ya dunƙule ya yi baƙi, fumfuna fara da kore ta yi masa saƙa har ƙasa.

Rasila ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗauki tulun ta fita da shi bakin ƙofa inda maƙwabta ke fake wa ruwa, ta juye shi a kwata. Ruwan sama ya ja shi, layin duka ya yi ja.

"Ku zo ku ga hannun surukata," in ji ta. "Na tambaye ta a gaban shaida, ta ce tana da tsarki. Shekara arba'in tulun nan bai taɓa ba mu kunya ba."

"Ba, na rantse ban taɓa shi a cikin kwanakina ba!" Toral ta durƙusa a cikin ruwan. "Na rantse da ran mahaifina. Foi tana wurin. Foi, ki faɗa musu, ke kika ga yadda na yi!"

Duk ido ya dawo kan Mukta. Ta dubi yatsun ƙafarta.

"Ni dai ranar da aka cika na gani," ta ce. "Abin da ya biyo baya ban sani ba."

"To kun ji," in ji Rasila. "Macen da za ta yi ƙarya a kan tulu, me ba za ta yi ƙarya a kansa ba? Wa ya san abin da take sha a ɓoye da ya hana ta ciki?"

Matan layin suka kama baki, ko da yake rabinsu daɗin abin suke ji. Toral ta juya ta nemi idon mijinta. Hiren yana tsaye a bakin ƙofa yana duba wayarsa, kamar an aiko masa da saƙon da ba ya jira.

Ba a ce an kori Toral ba, irin wannan gida ba ya kora. Aka ce za ta je gidan iyayenta ta huta. Amma an haɗa mata har da tukwanen da ta zo da su, kuma mai zuwa hutu ba ya tafiya da tukwane. Mahaifinta ya zo da kansa, tsoho mai gilashi, ya haɗa hannu yana ba da haƙuri a kan laifin da bai gane kansa ba, Rasila ko ruwa ba ta ce a ba shi ba. Da za su fita, Toral ta sunkuya ta taɓa ƙafar kowa don neman albarka. Da ta zo kan Mukta ta daɗe a sunkuye.

"Na bar miki man gwiwa a taga, Foi. Ki riƙa ɗumama shi kafin ki shafa. Kada ki damu da abin da kika faɗa ran nan, na san tsoro kika ji."

Mukta ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗora mata hannu a ka, ta yi saurin janye shi.

Sati uku gidan ya yi tsit. Aka koma sayen barkonon leda a ɓoye, Mukta ke zuwa kantin can bayan tasha inda ba a san su ba. Aikin mutum biyu ya dawo kanta, ta yi shi ba ƙorafi. Abinci ba ya mata daɗi, ta rame, amma tabarmarta na nan a bakin ƙofar sito, kuma duk safiya in ta buɗe ido ta ga ƙofar sai ta ce wa kanta, ai dai ina nan.

Wata safiya tana tankaɗe gari, Rasila ta shigo ta ajiye wata tsohuwar jakar tafiya a gabanta.

"Zanenki uku ne, za su shiga. Motar ƙarfe bakwai ce, jibi. Na yi magana da shugabar gidan can bakin kogi, akwai gurbi, wata ta mutu."

Rariyar ta suɓuce daga hannun Mukta. "Bhabhi... ai mun zama huɗu."

"Ni ba na barcin rana a watan ajiya, Muktaben. Ido kawai nake rufewa. Kofin tagulla ne, mai lanƙwasasshen baki. Har ƙullin yarinyar kika kwaikwaya, na yaba miki." Ta ja kujera ta zauna kamar mai shirin hira. "Kin yi min aiki, ba zan ɓoye ba. Da na kore ta haka kawai, da garin nan ya cinye ni da baki. Yanzu kuwa kowa ya ga kwata ta yi ja. Amma ki faɗa min tsakani da gaskiya, hannun da ya zuba ruwa a tulu don gurasa, gobe me zai zuba min a shayi? Yarinyar da ke matsa miki ƙafa ma ba ki bari ba, balle ni da ba ki taɓa ƙauna ba."

"Shekara talatin da ɗaya na yi miki bauta."

"Kin kuma ci shekara talatin da ɗaya. Bakin na huɗu na wadda za ta zo ne. Akwai wata 'yar mai injin matse gyaɗa, yayyenta mata duka maza suke haifa. Lauya ya ce takardun saki za su ɗauki lokaci, to alkama ba ta gudu, ke kika shafa mata mai."

Mukta ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta karkaɗe garin da ke jikinta. Tata ta ƙare, ta san wannan. Abu ɗaya ya rage da za ta iya yi da bakinta kafin jibi, ta wanke yarinyar. Hiren yana falo yana karyawa kafin ya tafi shago. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyarsa lokacin ƙyanda. Ta durƙusa a gaban yaron da ta yi wa tsarki.

"Hiren, ka saurare ni. Toral ba ta yi komai ba. Ni ce. Ni na zuba ruwa a tulun, da hannuna, don kada a kai ni gidan can. Ka yi min duk abin da ka ga dama, amma ka je ka ɗauko matarka. Yau ɗin nan ka je."

Hiren ya gutsuri gurasa ya dangwali miya.

"Na sani, Foi."

"Ka sani?"

"Ai Ba ce ta faɗa min tun a ranar da kika yi, da yamma."

"Tun kafin a buɗe tulun? Kana tsaye tana rantsuwa a cikin ruwa, ka sani?"

"To me kike so in yi? Shekara uku fa, Foi. Abokaina har sun fara kai yara makaranta." Ya tauna ya haɗiye, ya leƙa cikin kwanon. "Ki tashi, kada wani ya shigo ya gan ki haka. Akwai sauran gurasa mai zafi?"

Akwai. Ta tashi ta je ta kawo masa.